Yadda za ka sa Nautilus ya jero maka hotuna a majigi da danni biyu

An rubuto wannan daga rikodin laccar da aka gabatar wa masu ɗaukar hoto da masu shagunan kwamfuta a Kaduna.

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa, a ce an kira ka ɗaurin aure a Tudun Wada ko walima a Unguwar Rimi, ka haɗa majigi, baƙi sun zauna, kai kuma kana ta buɗe hoto ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ga mai kwamfutar da ke aiki da tsarin Ubuntu, wannan wahala ba dole ba ce. Manhajar da kuke buɗe folda da ita, Nautilus, tana karɓar ɗan rubutun umarni, ta sa shi cikin jerin da ke fitowa idan ka danna maɓallin dama na maus.

Da farko a saka manhajar nuna hoto mai suna feh. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta 'yar tokunbo ma tana ɗaukarta. A Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta:

sudo apt install feh

Sai ka shiga ~/.local/share/nautilus/scripts, in foldar ba ta nan ka ƙirƙire ta. A ciki ka buɗe sabon fayil, ka sa masa suna Majigi, ka rubuta layi biyu:

#!/bin/bash
gnome-session-inhibit --inhibit idle feh -F -Z -Y -D 6 -S filename --version-sort "$@"

-F cika allo ne. -Z na faɗaɗa ƙaramin hoto ya dace da allon. -Y na ɓoye kibiyar maus, don kada ta tsaya a goshin ango. -D 6 daƙiƙa shida ke nan ga kowane hoto, wato hoto 300 zai ci minti 30, in ya ƙare ya koma farko da kansa.

Yanzu ku ba ni hankalinku nan, don a nan aka fi tuntuɓe. Waɗannan alamomin zance biyu da suka kewaye $@ kada wanda ya cire su. Mu ai sunan folda muke rubutawa kamar "Bikin Hajiya Kawo". In babu alamomin, kwamfuta za ta ɗauka abu uku ka ba ta: Bikin daban, Hajiya daban, Kawo daban. Ta nema ta rasa, allo ya tsaya shiru, kuma ba wani saƙo da zai fito ya faɗa maka dalili, tunda ba daga Terminal ka kunna ba.

Na biyu, izini. Fayil ɗin ba zai bayyana ba sai ka ba shi ikon aiki:

chmod +x ~/.local/share/nautilus/scripts/Majigi

Wanda ya kwafo shi daga filashin abokinsa ma ya sake yin wannan, don filashin FAT32 ba ya riƙe irin wannan izinin. Wanda kuma ya rubuta shi a Notepad na Windows, akwai wata ɓoyayyiyar alama da ake liƙawa a ƙarshen kowane layi, ita ce ke sa layin farko ya ƙi karantuwa. Maganinta dos2unix, wata 'yar manhaja da ke cire wannan alamar daga fayil.

Daga nan ka danna dama a kan foldar hotunan, ka zaɓi Scripts, ka zaɓi Majigi. Shi ke nan.

Malam daga baya yana tambayar amfanin --version-sort. Madalla da tambaya, ranka ya daɗe. Kwamfuta harafi-harafi take jera suna, don haka hoto10 yakan riga hoto2. Sai ka ga an nuna kai amarya kafin kamu. Wannan kalmar ce ke sa ta ƙirga lamba kamar mutum. Hotunan WhatsApp su ba su da wannan matsalar, tunda sunansu na ɗauke da kwanan wata, kamar IMG-20240410-WA0001.

Shi kuwa gnome-session-inhibit da ke gaba, aikinsa hana allo yin barci. In babu shi, bayan 'yan mintoci ba a taɓa maus ba, allon zai yi baƙi ƙirin ana tsakiyar taro.

Masu Xubuntu, manhajar buɗe folda taku Thunar ce, kuma ya fi sauƙi: ku shiga Edit, sannan Configure custom actions, ku rubuta feh -F -Z -Y -D 6 %F, a shafi na biyu ku yi maki a kan Directories. Barcin allo kuwa sai ku kashe shi daga saitin wuta.

Idan ana nunawa, h na tsayarwa, kibiyoyi na kai ka gaba ko baya, q na fita. Amma ku gargaɗi yaran shagonku: Ctrl da Delete tare a cikin feh goge hoton yake yi daga kwamfutar ɗungurungum, ba ya bi ta kwandon shara. Saboda haka kwafi za ku riƙa nunawa, asalin ya zauna a wani faifan daban.