Jawabin Maraba da Mai Girma Kwamishinan Aikin Gona, Daga Manoman Yankin Shika

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe. Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ƙara muku lafiya. A madadin manoman wannan yanki, maza da mata, muna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Aikinka ya riga ka isowa nan, ba sai mun tsaya lissafa shi ba. Tun da farko za mu faɗi abin da ya tara mu: muna roƙon bashin shanun huɗa da garma, su iso hannunmu kafin ruwan shuka.

Ranka ya daɗe, ƙasar da ka taka yau tana cikin wuraren da noman shanu ya fara kafuwa a Arewa. A 1921 aka haɗa sashen aikin gona na Kudu da na Arewa, aka ɗora wani Bature, O. T. Faulkner, wanda ya yi aiki a Indiya, ya zama darekta. A zamaninsa aka buɗe tashar binciken aikin gona ta Samaru a 1922, sannan gonar kiwo ta Shika a 1928. Abin da ya dame shi shi ne ƙasa mai gajiya da hannu ɗaya mai riƙe da fartanya. Shawarar da ya tsaya a kai mai sauƙi ce: a ba manomi bijimai biyu da garma bashi, su yi masa huɗa, ya ciyar da su da harawa da karan dawa, kashinsu ya koma gona taki, ya riƙa biya sannu a hankali bayan kaka. Baitulmalin En'e ne ya riƙa fitar da kuɗin.

Ba mu manta cewa Turawa audugarsu da gyaɗarsu suke nema ba, kuma haraji bai taɓa yi wa kowa sassauci ba. Amma a kan wannan dabara mutumin ya yi gaskiya, mun gani a rumbunanmu. Daga baya ya tafi Tirinidad ya shugabanci kwalejin aikin gona, sunansa ya shiga littattafai. Waɗanda suka huda hancin bunaji suka zura igiya, suka ɗaura masa karkiya yana tirjiya yana watsa ƙasa, suka bi shi a baya har kunya ta miƙe sambal, kakanninmu ne. Su babu wanda ya rubuta sunansu.

Yau je ka dubi turakunmu. Ɓarayin shanu sun kwashe na wasu cikin dare, wasu kuma sun sayar da nasu da araha don tsoro ko don kuɗin fansa. Garma na jingine a bayan ɗaki ta yi tsatsa, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Dattijon da ya yi shekara da shekaru yana huɗa da shanu ya koma sunkuye da fartanya. Tarakta kuwa, ko ka samu kuɗin haya, sai layi ya zo kanka damina ta yi nisa. An sha zuwa an rubuta sunayenmu, an ɗauki hoto, shiru kake ji.

Akwai maganar hanya da ta takin zamani, amma mun ajiye su sai wani zuwan. Shanun nan dai, ranka ya daɗe. Ba kyauta muke nema ba, bashi ne irin wanda iyayenmu suka karɓa suka biya, kuma dagatanmu sun yarda su tsaya mana. A haɗa mana da tsaro, don kada mu karɓa yau a kore gobe. Sabon bijimi yana bukatar makonni na horo kafin ya iya bin kunya, shi ya sa muke roƙon su zo tun da bazara.

Takardar sunayen masu bukata tana hannun sakatarenmu, zai miƙa maka yanzu. Allah ya maishe ka gida lafiya.