Darasin kiwo: itatuwan da ke riƙe dabba daga hunturu zuwa faɗuwar ruwa

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau bamu zauna a ɗaki ba, mun fito gona ne nan ƙasar Gumel, muna ƙarƙashin wani ƙaton gawo tare da Baba Malam, tsohon malamin gona ne kuma har yau yana kiwonsa. Baba sannu da rana.

Baba Malam: Yawwa sannu ɗana, sannunku da zuwa. Toh kafin mu ce komai ɗaga wayar taka sama mutane su gani. Kaga yanzu muna watan uku, ko'ina ya bushe ƙurmus, kara ya ƙare a gonaki, wanda ya ajiye harawa ma ya fara ganin ƙasan rumfa, amma dubi wannan itace kore shar. Wannan shi ne abinda nake so mu yi magana a kai, domin mutane da yawa in aka ce abincin dabba hankalinsu harawa da dusa da kowar wake yake tafiya, sun manta iyayenmu suna da wani rumbun da yake tsaye a gona ba'a gina shi ba, kuma kowace bishiya da watan da take buɗe nata.

Mai gabatarwa: Baba wani zai ce ai ga kara nan da busasshiyar ciyawa, dabba tana cika cikinta, me ya kai ta ganye?

Baba Malam: Cika ciki daban, ƙoshi daban. A tumbin saniya ko tunkiya akwai wasu ƙananan halittu da ido baya gani, su ne suke narka ciyawar, kuma suna buƙatar sinadarin gina jiki, wato furotin, kamar kashi 7 cikin ɗari na abincin kafin su yi aiki sosai. Ciyawar da ta bushe ta sha rana tun kaka bata kai haka ba, kara ma haka. Shi yasa zaka ga saniya tana ci tana ci amma haƙarƙari na fitowa. Ganyen itace kuwa da 'ya'yansa yawanci sun haura kashi 10, wasu kamar zogale in an busar sun doshi kashi ɗaya cikin huɗu. In ka ƙara mata ɗan ganye kan karan, karan ma da kansa sai ya fara yi mata amfani. Iyayenmu basu san sunan furotin ba amma sun san wannan sarai, da ido suka gane.

Mu fara da gawon nan tunda a inuwarsa muke. Shi halinsa ya saɓa da na sauran, da damina ta kama sai ya zubar da ganye ya tsaya kamar busasshe, da ruwa ya ɗauke sai ya tofo. Toh ka duba hikimar Allah a nan, lokacin da gero ke son rana baya yi masa inuwa, ganyen da ya zubar ya zama taki, dabbobin da suka yini a gindinsa da rani sun bar kashi da fitsari, shi yasa geron gindin gawo ko daga nesa zaka gane shi. Sannan 'ya'yan, ga su nan, miƙo min wancan, kaga yadda ya murɗe yayi ja-ja kamar ɓawon lemo, suna fara faɗowa cikin hunturu har bazara, daidai lokacin da ake neman su. Ni a 1984 ina saurayi, shekarar da fari ya ci mu, na ga yadda mahaifina yake tashin mu da asuba mu je tsintar gawo kafin wasu su riga mu, awakin gidanmu da shi suka kai damina, wallahi bana mantawa.

Mai gabatarwa: Haka ake zuba musu kawai ko da yadda ake yi?

Baba Malam: Nan ne darasin yake. In ka zuba haka za su ci, amma ƙwayar ciki tauri gare ta, da yawa a kashi take fita yadda ta shiga, alhali ita ce ta fi maiƙo. Don haka ka shanya su bushe sosai, ka sa a turmi a daka ko ka kai inji a ɓarza, sai ka cuɗa da dusa da ɗan kanwa. Ni ragon da nake turkewa don layya ina fara masa da cikin tafin hannu biyu a rana, in ƙara a hankali cikin mako guda, ba'a yi wa ciki canjin abinci farat ɗaya, kumburi yake kawowa ko zawo. Kuma dan Allah kada a ƙulle a buhu da damshi, in ya yi fumfuna zubar da shi ya fi. Amma fa kar ka daka duka, ka bar dabbobi su ci wani a gona, saboda ƙwayar da ta bi ta cikin akuya ta fi saurin tsirowa, haka yawancin gawon da kake gani suka fito, babu wanda ya shuka su.

Kalgo ma haka ake masa, 'ya'yansa masu faɗi ɗin nan, mata sun fi mu sanin darajarsa, su tara su daka, har kasuwa ake kaiwa. Ɗorawa in akwai, garinta dabba na so amma mutane sun riga ta. Dundu da farar ƙaya su ma 'ya'yansu akuya bata wucewa.

Mai gabatarwa: Bagaruwa fa Baba? Na ga awaki suna rububinta.

Baba Malam: Suna ci, amma a yi hattara. Ka san da ita majema ke jeme fata ko? Abinda ke kama fatar nan ya sa ta ƙi ruɓewa, wannan baurin da in ka tauna bakinka zai ɗaure, shi ne dai yake kama abincin a cikin dabba ya hana jiki ɗauka in ya yi yawa. Kaɗan yana da amfani, har yana rage tsutsar ciki, da yawa kuma rama ce. Akuya ta fi tunkiya da saniya jure shi, raƙumi kuwa ba'a magana. Saboda haka ban yarda mutum ya tara bagaruwa ya mayar da ita abincin turke ba, ta tsinta a daji ta wuce.

Yanzu ganye. Aduwa kusan duk shekara da ganyenta, magarya da kurna ka sa doguwar sanda ka kakkaɓe awaki su bi ƙasa suna tsinta, ba sai ka sare ba. Sabara da mutane ke rainawa, wadda ake sassabe ta a ƙone, ita ce ke fitar da sabon toho a tsakiyar zafi lokacin da babu komai kore a ƙasa, kuma tsofaffi na ba dabba mai zawo ita. Marke ma an san shi wajen tsutsar ciki. Maɗaci shanu na son ganyensa duk da ɗacin, shi yasa zaka ga Fulani sun hau shi da bazara. Darbejiya baƙuwa ce daga Indiya aka kawo ta, iyayen kakanninmu basu san ta ba, dabba bata fara zaɓarta sai in babu, amma in ka bari ganyen ya yi yaushi ka haɗa da wani abu za ta ci.

Wadda nake so kowane mai gida ya riƙe ita ce ceɗiya. Bata buƙatar iri, reshe zaka saro mai kauri kamar damtse, ka kafa shi gab da faɗuwar ruwa, ka kewaye da ƙaya don awaki, shikenan ta kama. Ƙofar gida, bakin garke, gefen masallaci, ga inuwa ga abincin dabba. Ɓaure da durumi da gamji duk 'yan gida ɗaya ne da ita. Wanda yake da rijiya ko fadama kuma ya ja layin zogale a shinge, yana yanka yana tofowa, gida su ci akuya mai shayarwa ta ci.

Mai gabatarwa: Akwai wanda ya kamata a guje masa gaba ɗaya?

Baba Malam: Akwai. Zurma, 'ya'yanta guba ne. Bini-da-zugu da ake shinge da shi, shi ma haka. Tumfafiya ka ga akuya na tsintar busasshen ganyenta amma ɗanyen ƙaron nan nata ba abin wasa bane, ko a ido ya shiga matsala ce. Masu tura shanu kudu da rani su tambayi mutanen wurin game da samberu da gwaska, itatuwa ne masu guba, dabbar da bata san daji ba ita ke faɗawa. Sannan wani abu da ba itace ba amma dole in faɗa tunda lokacinsa na zuwa, gyauron dawa, sabon tohon nan ƙarami, yana kashe saniya cikin ɗan lokaci, a kiyaye.

Toh sai yadda ake sara, kuma wannan ya fi ci min rai. Ni da kaina na yi kuskuren, wata shekara abinci ya yanke min, na hau wani gawo da ke kusurwar gabas na sauke masa rassa kusan duka a yini ɗaya, dabbobi suka ci na sati, amma shekaru suka biyo baya bai ba ni 'ya'yan kirki ba, abinda na ci a sati na biya shi da daɗewa. Tun daga nan ƙa'idata, bana wuce kashi ɗaya cikin uku na rassa, bana taɓa kan bishiya, kuma wadda na sara bana sai ta huta baɗi in koma kan wata. Gatari ko adda ya zama da kaifi, ka fara ɗan sara ta ƙasan reshen kafin ka sara ta sama, in ba haka ba reshen zai faɗo ya ɓare ɓawon har jiki, ta nan ruɓa da gara ke shiga. Gawo in yana fure a bar shi, furen nan shi ne buhunan da zaka tara. Kuma in ƙugiya za ta iya, ajiye gatarin.

Mai gabatarwa: Baba matsalar ai wani lokaci ba mai gonar ke sara ba.

Baba Malam: Gaskiya ne, ka kwana ka tashi ka tarar an yi wa bishiyarka kwaf ɗaya da dare, abin da ciwo. Da can makiyayi zai zo ya yi sallama, a nuna masa wadda zai hau, shi kuma ya kwana da shanunsa a gonar ya bar taki, kowa ya samu. Wannan sallamar ita ya kamata masu unguwa da dagatai da arɗo su dawo da ita, tun kafin bazara a zauna. Masu gawayi kuma sun gama da ƙirya da marke a wurare da yawa, su daga gindi suke ɗauka.

Amma kar mu ce abu ya ƙare. Nan kusa da mu, ƙetare iyaka ta Maigatari, ƙasar Damagaram da Maradi, tun shekarun 1980 manoma suka koma abinda suke kira sassaben zamani, maimakon a share duk tohon da ya fito daga kututture sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Da wannan kaɗai aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kadada miliyan 5. Babu kuɗin dashe, babu ban ruwa, saiwar na nan a ƙasa da ranta. Zo mu matsa can in nuna maka a aikace, ga wani kututturen kalgo, ƙirga tohon, guda nawa ka gani?

Mai gabatarwa: Bakwai ne Baba, ko takwas.

Baba Malam: Toh wannan da wannan su suka fi miƙewa, su zamu bari. Sauran ka yanke daga ƙasa sosai, waɗanda muka bari ka share musu ƙananan rassa zuwa rabin tsayi, kar ka wuce. Ɗaura masa ɗan tsumma ja don mai noma ya san da gangan aka bar shi. Ganyen da muka yanke kuma tattaro shi, akwai akuya mai 'ya'ya biyu a gida.