Lacca: Shimfiɗa Ragar Zare Don Hana Zaizayar Ƙasa a Gangara

Assalamu alaikum. Jama'a, duk wanda ya bi hanyar Kachia ko ya zaga gindin duwatsun Kagoro da Kajuru a watan Agusta, ya ga yadda ruwa ke gangarowa jajir. Wannan jan da kuke gani ƙasar noma ce take tafiya. A nan Kaduna muna samun ruwan sama kusan milimita 1,200 a shekara, mafi yawansa kuma tsakanin Yuli da Satumba yake zuba, shi ya sa gangaren da aka bari tsirara ba ya daɗewa kafin ya fara tsagewa.

Ragar da muke magana a kai iri biyu ce. Akwai ta zaren da ake saƙa buhun algarara, wadda ke ruɓewa cikin shekara 1 zuwa 2. Akwai ta zaren ɓawon kwakwa, ita tana kai shekara 3 zuwa 5. Idan gangaren mai sauƙi ne, ta farko ta isa. Idan ya yi tsaye har mutum na dafa ƙasa kafin ya hau, a nemi ta kwakwa mai nauyin giram 700 zuwa 900 a kowace murabba'in mita. Zaren ramarmu ma ana iya saƙa shi, sai dai yana saurin ruɓewa.

Ku riƙe wannan: raga riƙon ƙwarya take yi. Aikinta ta kare ƙasa da iri har ciyawa ta kafa saiwa.

To, yaya ake shimfiɗawa? A fara da share wurin, a cire duwatsu da kututture, a farfasa hoge, a cike ƙananan hanyoyin ruwa. Sai a watsa takin gargajiya da irin ciyawa, gamba ko kiri-kiri. A can sama, kamar rabin mita kafin bakin gangaren, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 da faɗin 15, a cusa bakin ragar, a kafe da turaku, a mayar da ƙasa a daddanne. Daga nan a warware ta daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwa ke bi.

A nan ne mutane ke kuskure. Suna ja ta ta yi tsam kamar fatar ganga, don ta yi kyan gani. Da zarar ta ɗago daga ƙasa, ruwa zai bi ta ƙarƙashi yana ci, kai kana ganin raga lafiya lau daga sama, alhali kwazazzabo na girma a ciki. A bar ta ta kwanta sakwa-sakwa, ta bi kowane lungu na ƙasar. Raga da raga, gefe da gefe, su hau juna da santimita 10 zuwa 15. Inda wata ta ƙare wata ta fara, ta sama ce za ta hau ta ƙasa da santimita 30, kamar yadda kafinta ke jera kwanon rufi. Turaku na itace masu tsawon santimita 25 zuwa 30, guda 3 a kowace murabba'in mita, a ƙara yawansu a mahaɗa. Gangare mai mita 10 sau 20 zai ci raga kusan murabba'in mita 240 da turaku 600.

Lokacin aiki shi ne watan Mayu, ƙasa ta jiƙa amma ruwa bai yi ƙarfi ba. A dasa ciyawar jema layi-layi a gicciye ta cikin idon ragar, tazarar santimita 15, domin saiwarta na nutsewa sosai.

Gara za ta ci ragar, wannan dole ne a ƙasarmu, shi ya sa ba a jinkirta shuka. Awaki a kange su da ƙaya. Da hunturu a share gefe saboda gobarar daji, busasshen zare ba ya jure wuta. Idan kuma ruwan unguwa ko na kwalbati ne ke zubowa kan gangaren, sai an fara karkatar da shi ta magudana, don raga ba za ta iya da shi ba. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi a zaga, inda turke ya tuge a sake kafawa a ranar.