Mujalla da Jarida a Manazarta: Kundi ko Kwanan Wata?

Malama: Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau batunmu yadda ake kawo maƙalar mujalla ko ta jarida a manazarta. Dakta, daga ina ɗalibi zai fara?

Dakta: Ya fara sanin abin da ke hannunsa, Malama. Mujallar ilimi da lambar kundi da lambar fitowa ake nemo ta, ita kuwa jarida da mujallar labarai da kwanan wata. Wanda ya haɗa su ya ɓatar da mai karatu.

Malam: Mu ɗauki tsarin MLA, wato salon rubuta manazarta na ƙungiyar masana harsuna da adabi ta Amurka, bugu na 9 na 2021. Sunan mahaifi ko na dangi, waƙafi, sunan marubuci, aya. Taken maƙala a cikin alamar zance, sunan mujalla da karkataccen rubutu, sai kundi, fitowa, shekara, shafin farko zuwa na ƙarshe. A cikin aiki kuwa, sunan mahaifi ko na dangin marubucin da lambar shafi kawai a baka biyu, ba waƙafi tsakaninsu.

Malama: Allah ya gafarta Malam, masu tarihi fa?

Malam: Su kam tsarin Chicago suka fi bi, wani salon rubuta manazarta mai bayanin ƙasan shafi. A nan shafin da ka ɗauko maganar kaɗai za ka rubuta. Cikakkun shafukan sai a manazarta. Ɗalibai na yawan juya wannan.

Dakta: Jarida ce mai wuyar sha'ani. Labari ya fara a shafi na 1, ya tsallaka na 14. MLA ta ce rubuta 1+, shi ke nan. Chicago ta ma yarda a bar shafin, domin jarida kan fito da bugu fiye da ɗaya a rana, labarin ya sauya wuri. Amma rana da wata da shekara, ba a wasa da su.

Malama: In ba sunan marubuci?

Dakta: A MLA fara da taken. Kada ka ƙirƙiro masa suna.

Malam: Abin intanet kuma, in akwai DOI, lambar shaidar maƙalar nan mai farawa da 10, ita za ka sa. Adireshin shafi kan mutu, ita kuwa tana bin maƙalar duk inda ta koma. In daga JSTOR ka samo, wato rumbun maƙalun ilimi na intanet, rubuta sunan JSTOR ɗin bayan lambobin shafuka, kafin DOI ɗin.

Malama: Manhajar da ke haɗa manazarta fa, kamar Zotero?

Dakta: Tana rage wahala, amma abin da aka ba ta take zubowa. Buɗe maƙalar, ka gwada kundi da shafuka da idonka.