Yadda Shaiɗan Ya Koma Bajon Kwalliya a Turai da Amurka

Kalli wannan ɗan ƙarfen. Faɗinsa bai fi na kwandala ba. Bajo ne da matasan Amurka da Turai ke maƙalawa a jaka ko a ƙirjin riga. Ana buga zane a jikin ƙarfe, a cika ramukan da fenti, a gasa, sai ya fito da sheƙi irin na langar da iyayenmu mata ke jerawa a ɗaki. Ƙananan masu zane ne ke tallarsa a Instagram da Etsy, wata kasuwar intanet ta kayan sana'ar hannu.

To matso ka ga hoton. Kyakkyawan saurayi ne, ya kare rabin fuskarsa da hannu, ido jajir, ga ƙwalla. Wai Shaiɗan ke nan. A'uzubillahi!

Asalin hoton na Alexandre Cabanel ne, wani Bafaranshe da ya zana shi a 1847. Har yau yana gidan tarihi na Fabre a birnin Montpellier.

A da can ba haka Turawa ke zana shi ba. A bangon tsofaffin majami'u dodo ne mai ƙaho da kofato, yana haɗiye masu zunubi, don kowa ya gani ya tsorata. Sai a 1667 John Milton na Ingila ya fitar da doguwar waƙarsa, Paradise Lost. Milton Kirista ne mai riƙon addini, amma a bakin Shaiɗan ya zuba kalaman da suka fi ratsa zuciya, har da cewa gara ya yi sarauta a wuta da ya yi bauta a aljanna. Mu a wurinmu wannan girman kan Iblis ne tsagwaronsa. Su kuwa marubutan da suka tashi a zamanin juyin juya halin Faransa na 1789, jarumi suka gani wanda ya ƙi durƙusa wa sarki. William Blake, wani marubucin waƙa na Ingila, shi ma cewa ya yi Milton ɗan ɓangaren Shaiɗan ne bai sani ba.

Abin har da ban dariya. A babbar majami'ar Liège ta ƙasar Beljiyam, Joseph Geefs ya sassaƙa Shaiɗan da kyau ya yi masa yawa, sai shugabannin majami'ar suka sa aka ɗauke shi. Aka ba wansa Guillaume aikin. A 1848 ya kawo nasa, da sarƙa a ƙafa da 'yan ƙahoni a cikin gashi, amma kyan na nan daram.

Masu sayen bajon yau fa? Ni dai a ganina tsokana ta fi yawa. Da damansu ba su ma yarda akwai Shaiɗan ba, neman su ɓata wa masu wa'azin garinsu rai suke yi. Shi ya sa za ka gan shi ruwan hoda, ko ɗan akuya mai manyan idanu, ko ya harɗe yana kurɓar kofi.