Ɗakin Kallo a Gida: Hirarmu Kafin Birkila Ya Yi Filasta

Bashir: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Bashir ne daga Kano. Yau ina tare da yayata, Yaya Rabi, wadda suke tsakiyar gyaran gida, sai kuma Injiniya Kabiru, wanda sana'arsa ke nan wayarin da haɗa kayan sauti. Yaya, sannu da shan ƙura.

Rabi: Yauwa Bashir, sannunmu dai. Wata na uku ke nan muna takure a ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren yana hannun ma'aikata. Injiniya, ina wuni?

Kabiru: Lafiya lau, Hajiya. Ya aikin? Allah ya sa a gama lafiya.

Bashir: Amin. To Yaya, faɗa wa jama'a abin da ya sa kika dage sai an ware ɗakin kallo, don na san har da maigidan sai da kuka yi ta ja.

Rabi: Abin da na gani ne ya dame ni. Bayan isha'i kowa a gidan nan sai ya kama kusurwarsa da wayarsa. Yara huɗu, allo huɗu, ba mai ce wa wani uffan. Ranar ƙwallo kuma manyan su fice gidan kallo, ba su dawo ba sai sha ɗayan dare, ni ina nan hankalina a tashe. Mu kuwa da muna yara, ka tuna, talabijin ɗaya ce a tsakar gida, har 'ya'yan maƙwabta a kan tabarma ɗaya. Wannan zaman nake so ya dawo. Akwai wani ɗaki da muka mayar sito, na ce tunda ana fashe-fashe, a gyara mana shi.

Bashir: Baba ma yakan ba mu labarin gidajen silima na Plaza da Eldorado da Orion, yadda ake zama a fili, sama a buɗe, ana kallo.

Kabiru: Kafin su ma akwai majigi, wanda ake zagayawa da shi gari-gari a mota tun zamanin Turawa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada. Shi ya sa har yau na'urar haska hoto muke ce mata majigi. Hajiya, ɗakin nan nawa ne girmansa?

Rabi: Irin na ko'ina, ƙafa 12 da 12.

Kabiru: To nan za mu fara, tun kafin a je kasuwa. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa suke daidai shi ne mafi wahala ga sauti. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya fito daga sifika ya daki bango, dawowa yake yi ya haɗu da wanda ke tahowa. A tazarar ƙafa 12, wato wajen mita 3.7, akwai wata ƙara mai kauri, mai kaɗawa kusan sau 47 a daƙiƙa, da take zaunawa daram tsakanin bangon biyu. Tunda ɗaya gefen ma ƙafa 12 ne, ita ɗin dai za ta sake zama, sai ta ninku. Abin da za ki ji shi ne, wanda ke jikin bango gugum-gugum ya cika masa kunne, na tsakiyar ɗaki kuma ya ce wufa, wato sifikar da ke fitar da ƙara mai kauri, ba ta aiki.

Rabi: Ashe shi ya sa! A falon ƙawata haka yake, ta canja wufa har sau biyu.

Kabiru: Ba laifin wufar ba ne. Me ke bayan ɗakin naku?

Rabi: Wani ɗan lungu ne, bai fi ƙafa 5 ba, ba ma amfani da shi.

Kabiru: Alhamdu lillahi. Idan bangon ba ya ɗauke da dekin ko jinka, a ture shi a haɗe, ɗaki ya koma 12 da 17. Amma fa sai wanda ya san gini ya duba tukuna, kada birkila ya ɗau guduma don na faɗa a fodkas.

Bashir: Injiniya, ni fa ina ganin mutum zai ce wannan duk tsirfa ce. Ya je Sabon Gari ko titin Beirut ya sayo babbar talabijin da sifikunta, ya jona, shi ke nan.

Kabiru: Zai yi kallo, ban musa ba. Amma ka dubi yadda muke gini yanzu: ƙasa tayil, bango bulo da siminti, sama silin POP. Duk abu ne mai tauri da santsi, ba mai shan sauti ko ɗaya. Ka shiga irin ɗakin nan ba kaya ka tafa hannu, za ka ji amsa-kuwwa tana bin ka. A cikin fim, maganar 'yan wasa ce take fara cakuɗewa. Sai ka ƙara murya don ka ji me aka ce, da an buga wani abu kuma ɗaki ya ɗauka, ka rage. Haka za ka kwana da rimot a hannu.

Rabi: Ɗakin kakarmu a cikin gari ba ya haka. Ginin ƙasa ne, ka tuna Bashir, da rufin azara. In ka shiga sai ka ji shiru ya rufe ka, ga sanyi.

Kabiru: Magina na dauri sun huta da wannan matsalar. Katangar tubali mai kauri ce, fuskarta ba sumul ba, ga tabarmi da darduma da gado da jere. Mu yanzu sai mun sayo abin da zai yi mana aikin. Kuma ba tsada ba ne. Kafet mai kauri a ƙasa, da soso a ƙarƙashinsa. Labule mai nauyi, ki je Kantin Kwari ki zaɓi yadi mai kauri, a ɗinka shi da yalwa yadda zai yi tattara. Kujerun kushin na yadi sun fi na leda. Sai kafinta ya haɗa firam na katako, kauri inci 2 zuwa 4, a cusa audugar gilashi ko ta dutse irin wadda ake sa wa a rufi, a lulluɓe da yadi, a rataya a bangon gefe. Wajen ratayawar ma akwai dabara: ki zauna a kujerarki, yaro ya riƙa jan madubi a jikin bango, duk inda kika hango sifika a cikin madubin, nan ne wurin.

Bashir: Kiret ɗin ƙwai fa? Na ga masu situdiyo da yawa suna mannawa.

Kabiru: Don Allah a daina. Bai da kaurin da zai sha wani sautin kirki, ba ya hana ƙara fita, kuma kwali ne, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Gyara sauti a cikin ɗaki daban, hana shi fita daban. Na farkon abu mai laushi yake so. Na biyun nauyi yake so da toshe kafa. Sabon bangon da za a yi, a sa bulo mai inci 9, a cika ramukansa da kankare. Ƙofa ta zama katako zalla, ba irin mai rami a ciki ba, a zagaye ta da roba. Tazarar da ke ƙarƙashin ƙofa kaɗai ta isa ta ɓata aikin duka.

Rabi: Wannan ya fi komai muhimmanci a wurina. Bangon ɗakin yana jingine da gidan maƙwabtanmu, kuma akwai tsohuwa a ciki mara lafiya. Ba zan yarda jin daɗin 'ya'yana ya hana ta barci ba. Haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne.

Kabiru: To kada a jingina wufa da wannan bangon, kuma a ɗora ta a kan roba mai kauri, don ƙara mai kauri ta cikin gini take bi. Da dare a rage ta, yawancin amfilifaya suna da saitin dare.

Rabi: Wani abin kuma, in an toshe ɗaki haka, ba za a ji kiran salla ba ke nan.

Kabiru: Gaskiya ne, ba za a ji sosai ba. Akwai gidan da na yi wa aiki, agogon nan mai kiran salla suka rataya a ciki.

Rabi: Haka za mu yi.

Bashir: Mu zo kan wayoyi, don na ji birkila yana cewa ranar Litinin zai fara filasta.

Kabiru: Litinin? Hajiya, ki dakatar da shi. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai a sana'ar nan. Sai an gama filasta da fenti da silin, sannan a kira ni. In ce a fasa, maigida ya ɓata rai. In bi da waya ta kan bango, uwargida ta ɓata rai. Alhali fayif ɗin roba ne na kuɗi kaɗan. Daga inda kayan za su zauna, a ja fayif zuwa kowace kusurwar da sifika za ta tsaya, da ɗaya zuwa tsakiyar silin saboda majigi. Na majigin kada a sa mai milimita 20 da aka saba, kan wayar HDMI, wato wayar da ke kai hoto da sauti, ba zai wuce ba. A sa mai milimita 40 ko 50, kwanarsa ta zama mai laushi, a bar igiya a ciki don jan waya nan gaba. Wayar nan canjawa take yi. HDMI 2.0 tana ɗaukar bayanai gigabit 18 a daƙiƙa, 2.1 da ta fito a 2017 tana ɗaukar 48. Wanda ya binne waya a siminti ya binne kuɗinsa, mai fayif kuwa zarewa zai yi ya sa sabuwa. In tazarar ta kai mita 10, a sayi mai zaren gilashi. Kuma wayar wuta da ta sauti kowacce da fayif ɗinta.

Bashir: Sifika nawa ake magana?

Kabiru: Abin da ake kira 5.1: uku a gaba, biyu a gefe ɗan baya kaɗan da kafaɗar mai zama, sai wufa ɗaya. Ta tsakiyar gaba ita ke ɗauke da magana, a nan za a kashe kuɗi. Tsarin sauti na Dolby Atmos, da ya shigo silima a 2012, yana ƙara wasu a sama. Ba dole ba ne yanzu, a dai bar fayif biyu a silin.

Rabi: To majigi ko talabijin? Maigida majigi yake so, ni ina tsoron wahalarsa.

Kabiru: Kowanne da nasa. Allon inci 100 faɗinsa wajen mita 2.2 ne, a zauna mita 3 daga gare shi, daidai da ɗakinku. Majigi ne hanya mafi sauƙi ta samun wannan girman. Amma duhu yake so, fenti mai duhu mara sheƙi, har silin.

Rabi: Silin baƙi? A'a Injiniya, ɗakin zai koma kamar kogo.

Kabiru: Ba sai baƙi ba. Ruwan toka mai duhu ko shuɗi mai duhu ya wadatar. Fari ne dai yake maido da haske kan allo ya wanke hoton. Sai maganar garinmu. Majigi mai ƙwai yana zafi ƙwarai, in an kashe shi fankarsa takan ci gaba da juyawa har ya huce. In aka ɗauke wuta farat ɗaya, fanka ta tsaya, ƙwan yana dahuwa a ciki. Ƙwan da ya kamata ya yi awa 3,000 zuwa 5,000 sai ya mutu da wuri. Don haka dole a ɗora shi a kan inbata ko UPS, na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke. Mai hasken leza ana ƙiyasta masa awa 20,000, ya fi juriya, ya fi tsada. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Wanda ba zai iya goge matata a kai a kai ba, ya sayi talabijin mai inci 75 ya huta, da rana ma zai yi kallo ba sai ya rufe taga ba.

Bashir: Ni ina bayan talabijin, saboda ƙwallo da la'asar ake bugawa.

Rabi: Ni kuma yanzu da na ji girman allon, zuciyata ta fara karkata. Mu goma ne in 'yan uwa sun zo.

Kabiru: Fayif ɗin dai a sa na duka biyun, shawara ta biyo baya. Abu ɗaya zan roƙa: masu sayen kayan gwanjo su duba bayan na'ura. Na Amurka bolt 120 ne, wutarmu 230. Na ga amfilifaya mai kyau ta ƙone a jonawar farko.

Bashir: Kuɗin wuta fa? Tun Afrilun 2024 da aka kai 'yan rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, Naira 225 kowane yunit, kowa lissafi yake yi.

Kabiru: Majigi wajen wat 300, amfilifaya da wufa a ce 200 a kallon yau da kullum, na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi sama da 1,000. Ka ga kilowat ɗaya da rabi ke nan, awa 3 ya ci yunit 4 da rabi, wajen Naira 1,000 a wancan farashin. Esin ce mai cin wutar, kuma ba makawa, don ɗakin da aka toshe da mutum goma a ciki ba ya zaunuwa. A kafa ta a gefe, kada ta riƙa hura majigi. Kuma ba sabuwar iska take kawowa ba, ta cikin take juyawa, saboda haka kada a toshe tagar da bulo, a bar ta ana buɗewa bayan kallo. Janareta kuwa nesa da wannan tagar. Hayaƙinsa yana da gubar da ba ta da wari, kuma ta sha hallaka iyalai suna barci.

Rabi: Allah ya kiyaye. Namu yana can bakin get. Wajen zama kuma, ni ba na son layin kujeru irin na silima. Kushin ɗaya dogo a baya saboda manya, gaba kuma kafet da tum-tum, yara su baje.

Kabiru: Hakan ya yi, ya ma rage miki kuɗin ɗaga daɓen baya. Kushin ɗin dai a janye shi daga bango kamar ƙafa 2, kuma gindin allon kada ya yi sama da yawa, don na ƙasa kada wuyansu ya ƙage.

Bashir: Yaushe za ka leƙo ka gani da idonka?

Kabiru: Asabar da hantsi, in sha Allah. Hajiya, a ce wa birkila da mai wayarin su zo, da kafinta in zai samu. Zan taho da tef da alli mu zana wurin kowane fayif a bango, daga nan a aika Ƙofar Ruwa a sayo.

Rabi: Zan kira su yau ɗin nan. Maigida ma zan ce ya zauna a gida ranar, don a yanke maganar turin bangon a gabansa.

Bashir: Madalla. Masu sauraro, mako mai zuwa Yaya Rabi za ta faɗa mana ko bangon ya turu. Injiniya, mun gode. Yaya, a gaida yara. Sai mun sake haɗuwa, assalamu alaikum.