Tagwayen magani a gaban alƙali: lacca kan rigimar haƙƙin ƙirƙira

Jama'a, barkanmu da yamma. Kowa ya ɗaga hannayensa ya duba. Yatsu biyar nan, biyar can, amma safar hannun dama ba ta zama daidai a hagu. To haka ƙwayoyin wasu magunguna suke, tagwaye ne, Hassan da Husaini. Sinadaransu ɗaya, tsayuwarsu ce ta saɓa, kuma sau da yawa ɗaya ne ke aikin a jiki, ɗan'uwansa ɗan rakiya ne kawai.

Idan kamfani ya raba su, ya nemi takardar mallakar ƙirƙira a kan mai aikin, sai masu yin magani mai araha su garzaya kotu. Hujjarsu ita ce wannan abu a fili yake, duk ƙwararren masani zai yi tunaninsa.

Ku riƙe watan Satumba na 2007. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yanke shari'u biyu, tsakaninsu bai kai mako guda ba. Ta farko kan escitalopram ce, maganin ciwon damuwa da ake sayarwa da sunan Lexapro, wanda kamfanin Lundbeck na Denmak ya ciro daga citalopram, tsohon maganin da ke ɗauke da tagwayen a haɗe. Kamfanin Ivax ya ce ai da kuromatografi za a raba.

Wata ɗaliba can baya ta ce in fassara. Ki ɗauka bututu ne aka danƙare da gari na musamman, aka tura ruwan magani ta ciki. Garin shi ma na hannu ɗaya ne, sai ya riƙa riƙe Hassan da gaisuwa, Husaini ya wuce ya riga shi fita. A baki da sauƙi. Amma kotu ta gamsu cewa a 1988, shekarar da aka fara neman takardar, dabarar sabuwa ce, ba a iya cewa ga abin da za ta haifar. Masanan Lundbeck kansu sun yi shekaru suna fama, daga ƙarshe ma zagayawa suka yi, suka raba wani sinadari da ake bi kafin a kai ga maganin. Takardar ta tsira. A Ingila ma Majalisar Dattawa, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta bar wa Lundbeck takardarsa a 2009.

Ta biyu kan ramipril ce, maganin hawan jini, tsakanin kamfanin Aventis mai takardar da kamfanin Lupin. Nan takarda ta faɗi. An riga an haɗa cakudar da ke ɗauke da ramipril, an san daga ɗan'uwansa enalapril wane fasali ne mai ƙarfi, kuma rubutun da ya gabata ya nuna hanyoyin da aka saba sun isa a raba.

Ni dai a ganina, inda alƙali ya fi shan wuya shi ne mayar da kansa baya. Ƙwararren da ke ba da shaida a 2006 ya saba da bututan da ake saye a kasuwa, sannan a ce ya manta da su, ya faɗi abin da zai yiwu a 1988. Malam, na ga hannunka, bismillah.